Na gama sakandare tun 2007 ba kiredit a Turanci da Lissafi, ta ina zan kama?

Wani ɗan uwa ne ya turo min tambaya, kuma da yake irinta ce nake sha kusan kowane wata na ce bari na zauna na amsa ta da tsawo. A taƙaice ya ce shekarunsa 37, yana da mata da yara huɗu, ya rubuta NECO a 2007, ya samu kiredit a Hausa da Islamiyat da Bayoloji da Aikin Gona, amma Turanci D7, Kemistri E8, Lissafi da Fiziks kuwa F9. Yanzu yana aikin wucin gadi a wani ƙaramin asibiti na ƙaramar hukuma, shi ne yankan kati shi ne share-share, yaran da aka haifa a gabansa suna zuwa da takardar CHEW, wato ta ma'aikacin lafiyar al'umma, su zama iyayen gidansa, shi ma kwas ɗin yake son yi. Yana tambaya: ya koma SS1 ne ya sa yunifom, ko ya biya kuɗi a irin santar nan da ake cewa ko ba ka zo ba za a yi maka, sannan wai tsohon sakamakonsa yana da sauran amfani ko ya mutu?

To Malam, da farko dai Allah Ya saka da alheri da ka yi tambaya kafin ka zuba kuɗi, don yawancin mutane sai sun ƙone sau biyu sannan suke zuwa wajenmu. Na fi shekara goma sha biyar ina koyar da ajin manya na yamma, Lissafi nake ɗauka amma dole ta sa na san kan sauran, abin da zan faɗa maka daga abin da na gani da idona ne.

Bari na fara da mai sauƙin. Sakamakonka na 2007 bai mutu ba. Takardar WAEC ko NECO ba ta da ranar lalacewa kamar magani, ko ta shekara talatin ce tana nan da ƙarfinta. Abin da ke da wa'adi shi ne makin JAMB, shi kam na shekarar da aka yi shi ne kawai, mutane suna yawan haɗa biyun su rikice. Sai dai ka tabbata ainihin satifiket ɗin yana hannunka ba wannan 'yar takardar da makaranta ke bayarwa ta wucin gadi ba, in ba ka taɓa karɓa ba ka je tsohuwar makarantarku ka nema tun yanzu, don wani lokacin neman fayil ɗin mutum a ofishin makarantar gwamnati kaɗai sai ya ci wata guda.

Batun komawa SS1 kuma, a'a, ba ka buƙata. Kai ka riga ka gama sakandare, abin da ya rage maka gyaran sakamako ne, kuma an tanadi hanyarsa. Hukumomin jarabawar nan kowacce tana da iri biyu, akwai ta 'yan makaranta da ake yi wajen tsakiyar shekara, akwai kuma ta masu zaman kansu wadda mutane har yau suke kira GCE. WAEC tana yin ta masu zaman kansu sau biyu a shekara tun daga 2018, ɗaya a farkon shekara wajen Janairu zuwa Fabrairu, ɗaya can bayan rabin shekara. NECO tana yin tata wajen Nuwamba zuwa Disamba, haka ma NABTEB ga masu ɓangaren sana'a da kasuwanci. Babu wanda zai tambaye ka shekarunka a can, ba yunifom, ba makin aji, kai da abin da ka rubuta ranar ne kawai. Kuma takardar da za ka fito da ita darajarta ɗaya da ta ɗan makaranta wajen neman gurbin karatu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don nan ne mutane suke faɗuwa ba a cikin ɗakin jarabawa ba. Ƙa'idar yawancin manyan makarantu ita ce kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba. Kiredit kuma daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 fas ne kawai, ba sa shiga lissafi, duk da na san D7 ɗin nan tana da cin rai, kamar mutum ya kai bakin ƙofa a rufe ta a fuskarsa. Wannan "zama biyu" ɗin shi ne tarkon. Kai fa ka riga ka ci zama ɗaya a 2007. In ka shiga bana ka ci Turanci ka faɗi Lissafi, baɗi ka sake shiga ka ci Lissafi ka faɗi Turanci, takardu uku ke nan a hannunka kuma ba za a haɗa maka uku ba, biyu za ka zaɓa. Na ga mutumin da ke da sakamako huɗu a cikin leda, duk darasin da ake nema ya ci shi a wata shekarar, amma ko ta yaya ka jera biyu daga ciki ba sa cika biyar ɗin da kwas ɗinsa ke so. Ranar da na zauna da shi muka baje su a kan benci muna gwadawa, wannan da wannan, wancan da wannan, wallahi sai da ya yi shiru ya daɗe yana kallon ƙasa.

Saboda haka kar ka fara da tambayar wace jarabawa zan yi, ka fara da wane kwas nake so, sai ka taho da baya-baya. Kai ka ce CHEW. Makarantun koyon kiwon lafiya galibi abin da suke nema shi ne Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistri da Fiziks. Ka duba tsohuwar takardarka, a cikin biyar ɗin nan guda ɗaya tak gare ka, Bayoloji. Hausa da Islamiyat da ka ci suna da kyau amma a wannan layin ba za su ɗauke ka ba. Ke nan huɗu kake nema kuma dole su fito a takarda ɗaya. Ni shawarata ma ka ɗauka kamar ba ka da Bayolojin, ka karanta duka biyar, in Allah Ya sa suka fito tare ka huta da haɗe-haɗe, don akwai kwasa-kwasan da wasu makarantu ke cewa zama ɗaya suke so. Ka taka da ƙafarka ka je makarantar da kake so ɗin, ofishin ɗaukar ɗalibai, ka tambayi sharuɗɗan bana, ka tambaya ko suna karɓar haɗin WAEC da NECO, da kuma ko ta JAMB ake shigowa yanzu, don tsarin makarantun lafiya ya yi ta canzawa a 'yan shekarun nan. Kar ka dogara da abin da yaron kafe ya gaya maka, shi fom yake son sayarwa.

Kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Darasi huɗu, biyu daga ciki F9, bayan kusan shekara ashirin ba ka buɗe littafi ba, ga aiki ga iyali, wannan ba aikin wata uku ba ne. Shekara guda cur nake ba irinka, wani ma shekara da rabi. Duk wanda ya ce maka ka zo lesin na sati shida ka shiga, kuɗinka yake so. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa na ce haka, F9 a Lissafi kusan kullum ba matsalar SS3 ba ce, matsalar aji huɗu na firamare ce da ta biyo mutum. Duk wanda ya zo ajina ranar farko ba na ba shi tambayar WAEC, ina ba shi abu biyar ne a 'yar takarda: ya tara rabi da sulusi, ya raba 204 gida 6, ya cire 8 daga 3, ya faɗa min kashi 15 cikin ɗari na 4,000, sannan ya nemo x a lissafi mai layi ɗaya. A nan nake gane inda ginin ya tsage. Mutum ne babba da furfura a gemu zai rubuta maka rabi da sulusi sun zama biyu bisa biyar, ya tara sama da sama ƙasa da ƙasa, kuma ba daƙiƙi ba ne fa, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa ba ne, ajinsu na firamare sun fi ɗari a ƙasa a zaune. Akwai wani ɗan kasuwar hatsi da na koyar, in ka ce masa buhu kaza a kan kaza, an cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada, kafin ka danna kalkuleta ya ba ka riba har da canji, amma da na rubuta 3 − 8 a allo sai ya ce Malam ai wannan ba ya yiwuwa. Na ce masa kana da dubu uku a aljihu, ana bin ka dubu takwas, ka miƙa abin da ke hannunka, yaya ke nan? Ya ce saura bashin biyar. Na ce to wannan 'yar sandar da ke gaban biyar ɗin ita ce bashin. Dariya ya yi ta yi, ya ce dama abin da aka yi ta dukan mu a kai ke nan?

Wannan shi ne amfanin girma a karatu, kuma shi ya sa ba na yarda da masu cewa ƙwaƙwalwar babba ta toshe. Hadda ce ta yi maka nauyi, ita kam yaro ya fi ka, amma fahimta ka fi shi nesa ba kusa ba in aka haɗa maka abin da rayuwarka. Kai da kake asibiti kana ganin ana auna maganin yara da nauyinsu, ana haɗa ruwan gishiri da sukari, ana duba zafin jiki, rabin abin da za a koya maka a Kemistri da Bayoloji ka taɓa shi da hannu ba ka san sunansa ba ne. Don haka wata uku na farko ka ajiye girman kai ka sayi littafin Lissafi na JSS1 zuwa JSS3, ko ka ari na ɗanka, ka bi shi shafi-shafi. In wannan ya zauna, na SS zai zo da sauƙin da ba ka zata ba. In ka tsallake shi kuwa duk abin da aka ɗora a kai zubewa zai yi.

Turanci kuma, D7 ɗinka ta nuna ba ka yi nisa da gaɓa ba. Abin da ke kayar da mutanenmu a takardar WAEC wuri biyu ne. Na farko insha'i, ana son kalma wajen 450, kuma shi ke ɗauke da maki mafi tsoka a takardar rubutu, mutum sai ya rubuta rabin shafi ya tsaya, ko ya haddace wata wasiƙa daga gida ya juye ta ko ta dace da tambayar ko ba ta dace ba, masu makin nan kuwa sun ga irinta dubu. Ka koyi tsarin wasiƙar hukuma da ta zumunci har su zauna maka, ka riƙa rubuta guda ɗaya duk sati kana kai wa wanda ya iya yana bi da jan biro, gajerun jimloli masu daidai sun fi dogaye masu burga da kuskure a kowane layi. Na biyu taƙaitawa, wato inda za a ba ka dogon rubutu a ce ka fito da ma'anarsa a jimla biyar ko shida. A nan in ka kwafo jimlar marubucin yadda take an rage maka maki, so ake ka faɗa da bakinka. Maganin wannan ba wani sirri ba ne, karatu ne kullum, ko labari ɗaya na jaridar Turanci a wayarka, ka karanta ka kife wayar ka rubuta abin da aka ce a layi uku. Akwai kuma ɓangaren furuci da ake yi a rubuce, shi wannan tsofaffin tambayoyi ne maganinsa, salon tambayar ba ya canzawa sosai.

Kemistri da Fiziks kam kar ka ce za ka yi su kai kaɗai a ɗaki, ka nemi aji. Masu zaman kansu ba sa shiga ɗakin gwaji ranar jarabawa, ana ba su wata takarda ce a madadin firatikal, za a zana maka kayan aiki ko a ba ka alƙaluman da aka auna a ce ka cike jadawali ka zana giraf ka fitar da amsa. Wanda ya taɓa ganin abin da idonsa ko sau biyu ne ya fi wanda ya haddace, don haka in akwai malamin sakandare a unguwarku da zai shigar da ku ɗakin gwajinsu ranar Asabar ku haɗa masa ɗan abin mai, ya fi muku lesin goma. Giraf kaɗai maki ne a zube da mutane ke bari.

Ina za ka samu ajin? Ka fara da hukumar ilimin manya ta jiharku, kowace jiha tana da ita, kuma akwai ta tarayya, NMEC, da aka kafa a 1990. Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan, tun shekarun 1950 iyayenmu suka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, Kano kuma ta kafa hukumarta a 1980 zamanin Abubakar Rimi. Mutane sun ɗauka a b c d kawai ake koyarwa a can, alhali akwai matakai, akwai na koyon karatu da rubutu, akwai na gaba da shi, akwai azuzuwan ci gaba da ke shirya mutum har jarabawar gama sakandare, da cibiyoyin mata inda matan aure da zawarawa da aka cire daga makaranta suke komawa. Ba zan ɓoye maka ba, ƙarfinsu ya bambanta, wata cibiyar da rai wata kuwa allon suna ne kawai ya rage. In ta kusa da kai ba ta motsi sai lesin na kuɗi, amma kafin ka biya ka roƙi a bar ka ka zauna aji ɗaya ka gani. In ka ga malami yana koyarwa ana tambaya yana amsawa, to. In kuwa maganar farko da aka yi maka ita ce "kar ka damu akwai taimako ranar", ɗauki takalminka.

Wanda ya kawo mu kan santar da ka tambaya. Ni ba zan tsaya yi maka wa'azi ba, ka san hukuncin algus ka fi ni. Ta fuskar lissafin riba da asara kawai zan yi maka magana. Hukumomin nan suna riƙe sakamako, suna soke na santa sukutum in suka ga amsa iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya, kuma in aka soke ba wanda zai dawo maka da ko sisi, mai santar ma wayarsa a kashe za ka same ta. Sannan masu cusa babba cikin jarabawar 'yan makaranta a matsayin ɗalibinsu, wannan ma ya saɓa ƙa'ida don ana tura makin aji na ɗalibi tun daga SS1. A ce ma ka tsallake duk wannan ka fito da A1 a Kemistri, to sai me? Makarantar lafiya za ta yi maka tata jarabawar shiga, in ka shiga akwai ta zangon farko da ake tankaɗe mutane da ita, can gaba kuma ga ta hukumar da ke ba da lasisi. Na san waɗanda suka sayar da fili suka bi ta wannan hanyar, zango ɗaya aka sallamo su, ba takarda ba fili. Kuma kai fa allura za ka riƙa yi wa 'ya'yan mutane, wanda bai iya raba 204 gida 6 ba ina zai iya auna maganin jariri.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ainihin abokin gabar babba ba ƙwaƙwalwa ba. Waɗanda na ga sun ci ba masu kwana karatu ba ne, masu awa ɗaya ne bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, kullum, sai ajin yamma sau uku ko huɗu a sati. Karatun bayan Isha ga wanda ya wuni a tsaye yaudarar kai ne, layi uku za ka yi littafin ya faɗo maka a fuska. Ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata abin da ka ƙudura da tsawon lokacin da zai ɗauka, don cefane zai ɗan ragu, zaman majalisa zai ragu, wasu ɗaurin auren ma sai dai ka aika da uzuri, in ba ta san dalili ba rigima za ta taso a wata na biyu. Ka gaya wa shugabanka a wurin aiki shi ma tun da wuri saboda canjin duti lokacin jarabawa, ana ɗaukar makonni ana yin ta ba kwana biyu ba. 'Yan majalisa kuwa za su yi maka tsiya, za a kira ka ɗan makaranta, za a tambaye ka ina kwandon abincinka. Sati biyu ne su gaji, daga baya ma a cikinsu wani zai jawo ka gefe ya tambaye ka nawa ne fom.

Ajinmu a wata firamare muke yi bayan yara sun tashi, bencinan ƙanana ne, magidanci sai ya zauna a karkace gwiwarsa na dukan teburi, in wuta ta ɗauke kowa ya kunna fitilar waya. Shekarar da ta fi tsaya min a rai akwai wata baiwar Allah mai 'ya'ya shida da ta rubuta jarabawa shekara ɗaya da babbar 'yarta, 'yar ce ke yi mata bitar Lissafi da daddare, ita kuma tana yi wa 'yar bitar Hausa da Islamiyat. Zaman farko Lissafi ya kayar da ita, ta sake shiga ta farkon shekara ta fito da C5. Gemu ba ya hana ilimi, ɗankwali ma haka.

Wasu 'yan abubuwa na rajista da ke jawo kuka daga baya. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya sak a tsohuwar takardarka da NIN da sabon fom, in can Muhammad ne nan Mohammed, ko can sunan mahaifi nan sunan gari, ka gyara kafin ka yi rajista, don haɗa sakamako biyu masu suna daban wahala ce ta kotu da rantsuwa, kuma JAMB tun 2021 ba ta rajista sai da NIN. Ka tsaya a kan yaron kafe lokacin da yake cike maka, ka karanta darussan da ya zaɓa da idonka kafin ya tura, na ga wanda aka sa wa Gwamnati a maimakon Fiziks bai sani ba sai da katin jarabawa ya fito. Fom ɗin zai sa ka cike darussa fiye da biyar ɗin da kake nema, ka cike ragowar da waɗanda ka riga ka iya irin su Hausa da Islamiyat don kar su ci maka lokaci. Sannan WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarabawa a kwamfuta tun 2024, JAMB kuwa dama ta daɗe a haka, in hannunka bai saba da linzamin kwamfuta ba ka riƙa shiga kafe ko rabin awa ne a sati kana gwadawa.

In da ni ne kai, ga yadda zan jera ta: wata uku na gyaran tushe da littattafan JSS, wata shida na silabus ɗin SS a aji, wata uku na ƙarshe ba abin da zan yi sai tsofaffin tambayoyin shekaru goma da agogo a gabana. Sai na shiga NECO ta Nuwamba, in aljihu ya yarda na yi rajistar WAEC ta farkon shekara ita ma tun karatun yana da ɗumi, kowacce a cikinsu da niyyar cin biyar ɗin gaba ɗaya, duk wadda ta fi kyau ita zan riƙe. Amma yau ɗin nan abin da za ka yi ƙarami ne, ɗauki biro ka gwada tambayoyi biyar ɗin nan da na lissafa a sama ba tare da kalkuleta ba, ka turo min abin da ka samu, daga nan zan gaya maka littafin aji nawa za ka fara saya.